Shekara Tara a Cikin Bidon Gazuwal

Zuwa ga Mai Girma Babban Direkta na biro, wato ofishin da ke kula da kuɗin tsufan ma'aikata, Yamai.

Daga Isufu makanisiye, mai gyaran mota, Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da haƙuri da jama'a. Mu nan Agadas sai godiyar Allah.

Na rubuta da Hausa don faransancina na gareji ne, sunayen ƙarafa kawai na iya da shi. Na kuma sa ta a fili, inda kowa zai karanta, don na riga na aiko maka biyu a rufe, kuma ban san ko sun iso ba. Ba na zargin kowa. Hanya da nisa, takardu kuma da yawa.

Kada ka yi tsammanin fushi a cikinta. Na nemi fushin, wallahi, don na ji an ce wasiƙa mai zafi ta fi saurin samun amsa, amma ban same shi ba. Ya ƙare tun tuni, ban ma san ranar da ya ƙare ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa, yadda ya faru.

Ga maganar a taƙaice. Shekaruna sun kai na retret, wato hutun aiki na tsufa. Da na je bironku na nan Agadas aka duba dosiyena, wato takarduna na aiki, aka ce shekarun da na zuba kuɗi ba su cika ba, saura ƙasa da biyu. Saboda haka ba ni da fansiyo na wata-wata. Abin da nake da shi, a ba ni kuɗi sau ɗaya, in sa hannu, a rufe dosiye. Na tambaya, in na sa hannu kuma na mutu, me maiɗakina za ta samu? Aka ce babu. In kuwa shekarun sun cika, tana da rabonta na matar mamaci har ƙarshen ranta. Takardar sa hannun tana gidana, ban sa ba. Likita kuma ya duba ƙirjina ya faɗa mini abin da ya gani, bai ɓoye ba, Allah ya saka masa. Ba ni da lokaci mai yawa na jiran amsa, shi ya sa na ce bari in yi magana da kai kai tsaye.

Na ɗaya: shekarun da kuka sani.

Na yi aiki a wani kamfanin sufuri a nan Agadas, masu kamyo, manyan motocin nan da ke kai kaya arewa. Na shiga ina mai wanke ƙarfe, na fita ina mai buɗe inji. Duk ƙarshen wata ana cire wani abu daga albashina a ce na tsufa ne. Ban taɓa yin gardama ba. Mu samari a lokacin dariya muke yi, muna cewa wa ya ga tsufa. Waɗannan shekarun suna cikin na'urarku, na gan su da idona, ba a rage ko wata ɗaya ba, kuma na gode.

Sai kamfanin ya durƙushe. Ranar ƙarshe mai gidanmu ya sa aka dafa shayi, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu yana neman gafara. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Amma shi da akawunsa babu wanda ya ce mana mutum yana iya ci gaba da zuba kuɗin da kansa in ya bar aiki, kuma akwai ɗan lokacin da aka yanka na neman hakan, in ya wuce ya wuce. Wannan magana ban ji ta ba sai da gemuna ya yi fari, a bakin tagar bironku. Da na ji ta ranar da kamfanin ya rufe, da kafin in kai gida na biya ta wajenku.

Na biyu: shekarun da ba ku sani ba.

Da aiki ya ƙare na zauna ina gyaran babura a ƙofar gida, har dai na ga abin ba zai riƙe tukunya ba. Ina da mata, Hajara, da yara uku, ga tsohuwata a ɗaki. Na yi abin da rabin unguwarmu suka yi. Na hau bayan kamyo, muka bi ta Dirku, muka wuce Sigidin, muka shiga Libiya.

Allah ya taimake ni ban yi yawon neman aiki da yawa ba. Na samu wuri a wata babbar gona ta gwamnatin can, kusa da Sabha, a garejin da ake gyaran tarakta da injinan jan ruwa. Aiki ne na gaskiya, ba na ɓoye ba. An ba ni kart ɗin aiki mai hotona da sunana da hatimin gwamnati, an rufe shi da roba. Da shi nake shiga ƙofa da safe, da shi nake karɓar albashi. Shekara tara na yi a wurin.

A cikin shekara taran nan sau biyu na zo gida. Tsohuwata ta rasu ba na nan, Hajara ce ta rufe mata ido. Ƙaramin ɗanmu ya yi zazzaɓi ya tafi, ban ji ba sai bayan an share makoki, wani direba ya faɗa mini a bakin famfo yana wanke fuska. Abin da nake aikowa ba kullum yake isowa a kan lokaci ba, sai ta riƙa sarin dabino da gishiri daga hannun mutanen Fashi tana kasawa a ƙofar gida. Da haka ta riƙe yaran a lakwal, wato makarantar boko. Ban faɗi wannan don a ji tausayi ba. Na faɗa ne don a wajenku waɗannan shekarun sunansu rami, ni kuwa na san abin da ke cikin ramin.

Na uku: inda kart ɗina ya tafi.

Ranka ya daɗe, ka san lokacin da ƙasar can ta hargitse, ba sai na tuna maka ba. Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne yadda abin ya kasance ga baƙin mutum irina. Magana ta bazu cewa gwamnati ta ɗauko baƙaƙe tana ba su bindiga. Daga nan duk baƙin da aka kama da takarda mai hatimin gwamnati, ba a tsayawa tambayar ko makanisiye ne ko mai ban ruwan tumatir. Kart ɗin da jiya yake buɗe mini ƙofa, yau shi ne zai sa a sauke ni daga mota.

Muka samu kamyon wani direba da zai dawo da mu gida, Barkai, mutumin Tubawa ne na Dirku, ya san hanyar nan tun yana yaro. Mun fi mutum arba'in a kansa, yawancinmu ma'aikatan gonar nan ne. Da la'asar, kafin mu kai wani shinge da aka ce masu bindiga sun kafa, Barkai ya kauce daga hanya ya tsaya kusa da wata tsohuwar ganga da direbobi suka kafa don alama. Ya ce duk mai takardar gwamnati ya fito da ita yanzu, shi ba zai kai mutane mahallaka ba.

Wasu suka ce a ƙona. Har an ƙyasta ashana. Barkai ya ce haba, wane irin ƙonawa, shi direban sahara ba ya ƙona abu, binnewa yake yi. Haka suke yi da mai da ruwa: in za su wuce sai su binne bido, wato jarka, kusa da alama, in sun dawo su tone, kuma babu direban da zai taɓa ajiyar wani. Ya ce wannan rikici na wata biyu ne, ƙura za ta lafa, mu dawo mu tone kayanmu kowa ya koma bakin aikinsa. Duk muka ce haka ne. Wallahi har da ni, na yarda da zuciya ɗaya.

Sai aka nemi abin da za a zuba su. Bidon ruwa duk a cike suke, kuma a wannan wuri wanda ya ce a zubar da ruwa don a ajiye takarda, sai a ɗaure shi a ce rana ta taɓa masa kai. Wanda ke fanko ɗaya ne, bidon gazuwal, man kamyo, da aka juye a tanki da safe. Aka girgiza shi, aka kife, aka ce ya bushe. Muka yanka bakinsa, kowa ya jefa kart ɗinsa, aka ɗaure da robar taya tamau. Barkai ya auna tsawon igiyar jan mota daga gangar zuwa wajen alƙibla, muka haƙa muka binne.

Mutum ɗaya ne bai jefa nasa ba. Garba, mutumin Tasawa, mai gyaran wuta, gadonsa na kusa da nawa a gona. Ya ce mini a hankali shi ba zai rabu da shaidar guminsa ba, wata rana za a tambaye shi ita a gida. Ya cusa shi cikin takalmi. A shingen aka sa kowa ya cire takalmi. Suka sauke Garba, suka ce mu mu wuce. Muka wuce. Har yau babu wanda ya sake jin labarinsa.

Ina so ka riƙe wannan, ranka ya daɗe. A cikin motarmu mutum ɗaya ne ya riƙe irin takardar da bironku ke nema, kuma shi ne bai iso ba.

Na huɗu: abin da aka ce mini a taga.

Da na dawo ban sake samun aikin albashi ba. Masu kamfani yaro suke so, mai ƙarfin shiga ƙarƙashin mota. Da zinariya ta fito a Jado na bi mutane, ba haƙa nake ba, ina gyara musu injin niƙan dutse. Can na sha ƙurar da ta zauna mini a ƙirji. Can ma babu mai cire wa kowa kuɗin tsufa, kowa ya sani.

Ranar da na je bironku, wata ma'aikaciya ce a taga, mace mai ladabi, Baba take ce mini. Ta buga lambata, sannan ta juyo da fuskar na'urar wajena don in gani da kaina. Ta bi layi da yatsa tana nuna mini shekarun kamfani, har ta kai inda rubutu ya tsaya. Ta ce, Baba, daga nan babu komai. Na duba, da gaske babu komai, fari fat.

Na ce mata ina so in cike, in biya da kaina, ba kyauta nake nema ba. Ta shiga ciki ta tambayi shugabanta, ta dawo ta ce hanyar zubawa da kai ta rufe tun shekarun baya, don ban nema a kan lokaci ba. Ta ce abin da ya rage, in ina da takardar da ke nuna na yi aikin albashi a waje, a sa ta cikin dosiye a aika Yamai a duba ko za a bar ni in biya. Ba ta yi mini alkawari ba, ta dai ce sai da takarda ake ma fara magana.

Na ce ina da shaidu. Mu nan in mutum biyu masu hankali suka tsaya gaban mai gari ko alƙali suka ce sun gani, ana raba gado da maganarsu, ana tabbatar da haihuwar wanda aka haifa a daji. Ni kaina takardar haihuwata da bakin shaidu aka yi ta. Na kawo mutum biyu da muka yi aiki tare a gonar, na kuma sa aka kira mini Barkai, ya zo har biro da rawaninsa. Aka ba su kujera, aka saurare su, aka ce an gode, amma baki ba ya shiga dosiye.

Gonar kuwa babu ita. Na tambayi direbobi, suka ce ko ƙofar garejin an cire an sayar. Babu wanda zan rubuta wa.

Na biyar: mun koma mun tone.

Da muka fito daga biro Barkai ya tsaya a inuwa yana kallona. Ya ce, to makanisiye, tunda takarda suke so, ai mun san inda muka ajiye ta. Na ɗauka wasa yake. Ya ce shi bai taɓa binne abu ya bar wa ƙasa ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba.

Da sanyin bara muka tafi. Hajara ba ta so ba, ta ce da wannan tarin za ka shiga sahara? Na ce mata tarin ai ko a gida yana nan. Barkai bai karɓi ko dala a hannuna ba, ya sa ni gaba kusa da shi cikin ƙaramar motar da yake kai kaya da ita yanzu. Shi yake magana a kowane shinge, ni ina naɗe da bargo kamar kayan da aka ba shi saƙo.

Gangar tana nan, yashi ya cinye ta saura baki. Barkai ya fito da igiya ya auna wajen alƙibla. Muka haƙa, babu. Ya ce igiyar wancan kamyon ta fi wannan tsawo, muka matsa gaba. Muka ci karo da wani bido, ashe ruwan wani ne. Barkai ya mayar da shi ya rufe yadda ya same shi. Ni ba na iya haƙa da yawa, in na yi kaɗan sai in zauna in yi tari, shi da yaron motarsa su ci gaba. Kashegari da hantsi shebur ya taɓa roba. Namu ne. Robar tayar da muka ɗaure bakin da ita tana nan yadda muka bar ta.

Ranka ya daɗe, bidon gazuwal ba ya bushewa. Ɗan abin da ya rage a gindinsa ya yi shekaru yana aiki a rufe. Ya ci robar da aka rufe kart ɗin da ita, ya narkar da tawada, ya haɗe su duka wuri ɗaya. Abin da muka zazzage dunƙule ne baƙi, mai danƙo, girmansa bai wuce curin fura biyu ba. Mutum arba'in da wani abu, da hotunansu da sunayensu da hatiminsu. Na sa wuƙa a hankali na ɓanɓare gefe ɗaya, sai ga wani abu kamar kunnen mutum, ban san ko na wane ne ba.

Barkai ya zauna a kan yashi ya rufe fuska da rawani. Ya ce da ya bar mu mun ƙona, da aƙalla ba mu sha wannan tafiya ba. Na ce masa ya bari, shi ya fitar da mu da rai. Ban yi kuka ba, ban yi salati da ƙarfi ba. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a raina, ban ji ba. Yunwa kawai na ji, na ce a ɗora shayi.

Na kawo dunƙulen bironku, don an ce in kawo abin da nake da shi. Na kwance ƙyallen da na ƙunshe shi a ciki a kan taga, warin gazuwal ya cika ɗakin, mutanen da ke layi suka ja da baya. Ma'aikaciyar nan ta toshe hanci, sai kuma ta ji kunya ta sauke hannu ta ce in yafe mata. Na ba ta labari. Ta ɗauka da hannunta biyu ta kai wa shugabanta. Sun daɗe a ciki. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce, Baba, ya ce ya yarda da kai, amma ba shi da inda zai sa wannan. Sai ta miƙo mini takardar sallama ta sau ɗaya, ta ce in tafi da ita gida in yi shawara.

Ba na ƙarar ta, ba na ƙarar shugabanta. Sun yi mini mutunci. Abin da aka ba su shi suke bi, kuma wanda zai iya taɓa abin da aka ba su kai ne.

Na shida: abin da ke gidana yanzu.

Dunƙulen yana ɗakin Hajara, ta naɗe shi ta sa cikin wata tsohuwar kwalla. Labari ya bazu, matan mutum biyu daga cikin waɗanda muka hau motar nan tare, waɗanda mazansu suka riga mu gidan gaskiya, sun zo sun ce a nuna musu. Suka juya shi, suka duba ta kowane gefe ko za su ga fuska. Suka mayar, suka yi mana sai an jima.

Ni da Hajara kuwa mun saɓa, kuma ba mu saba saɓawa ba. Ita cewa take in sa hannu in karɓi kuɗin nan in sayi magani, in je Yamai a duba ni da kyau. Ta ce ita ba ta auri fansiyo ba, kuma wanda ya ciyar da ita shekara tara da ba na nan bai mutu ba. Ni kuma na san abin da likita ya ce. Kuɗin zai ƙare a kantin magani cikin 'yan watanni, ni in tafi duk da haka, ita ta koma ƙofar gida da tiren dabino, da gwiwar da ba ta iya tanƙwasawa. 'Ya'yanmu biyu da suka rage, macen tana gidan mijinta da nata nauyin, namijin yana wajen zinariya, wata uku ba mu ji muryarsa ba. Ba zan sa hannu a kan wannan ba.

Ba ma faɗa. Ta daina maganar ma. Abin da take yi, kullum da safe in ta kawo mini shayi sai ta ajiye takardar da bik na rubutu kusa da kofin, ta koma tsakar gida. Ni kuma in sha shayina, in ɗauke su in mayar saman taga. Gobe ta sake kawowa. Haka muke tun da sanyi ya fita.

Abin da nake roƙo.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba da izini a karɓi shaidar baki a dosiyena, a gaban alƙali, da rantsuwa, yadda ake yi a sauran al'amuran ƙasar nan. Shaiduna uku ne, ɗaya ya kwanta ciwo tun azumi. In za a saurare su, a saurare su da wuri.

Ina roƙon a bar ni in biya abin da ya rage. Ba shekara taran nake nema a lissafa mini ba, ɗan abin da ya hana dosiyen cika kawai. Ina da akwatin kayan aikina, ina da rabin fili da na gada a bayan gari, akwai mai so. Ku faɗi abin da za a biya, in kawo.

Ina roƙon ka duba cewa ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya fito ta hanyar nan a wancan lokaci, ko ya ƙona takardarsa, ko ya binne, ko ya jefar ta tagar mota. Yanzu ne suke kai shekarun retret, za su riƙa zuwa tagoginku ɗaya bayan ɗaya, a Agadas da Tawa da Damagaram, kowa hannu wofi. Ni na fi su sa'a ma, ina da abin nunawa.

Ina kuma roƙon a riƙa faɗa wa ma'aikaci, ranar da aikinsa ya ƙare, cewa yana iya ci gaba da zubawa da kansa, kuma lokacin nema gajere ne. A faɗa da Hausa da Tamashek da duk harshen da mutum ke ji, a rediyo da tashar mota. Har gobe samari na hawa mota suna yin arewa, kuma babu wanda ya san wannan a cikinsu, na tambaya.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne, ba ya buƙatar izinin kowa. Mai yiwuwa amsarka ta iso bayan na tafi. In haka ta faru, Hajara za ta zo bironku, don na sa ta yi mini alkawari. Ba ta jin faransanci, ba ta san lambar dosiye ba. Za a gane ta, tsohuwa ce doguwa mai ɗingishi, za ta zo da ƙunshi mai warin gazuwal da takarda da ba a sa wa hannu ba. A ba ta kujera. In amsar e ce, a faɗa mata a hankali har ta gane. In a'a ce, a ce mata a'a kawai, za ta ɗauka, ta saba. Amma don Allah kada a juyo mata da fuskar na'urar nan a nuna mata farin wurin a ce daga nan babu komai. A cikin wurin nan ta binne uwata da ɗanta ita kaɗai.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah ya sa ranar da kai ma za ka je taga a duba maka shekarunka, a same su a cike. Allah ya ji ƙan Garba in ya rasu, in yana raye ya mayar da shi gida.

Zan tsaya nan. Bik ɗin da na rubuta wannan da shi nata ne, wanda take ajiye mini kusa da shayi, kuma na ji motsinta tana zuwa ɗaukar kofi. In ta gan shi a hannuna za ta ɗauka na sa hannu, gara in mayar da shi saman taga kafin ta shigo.

Naka mai jiran amsa,
Isufu makanisiye, Agadas.

Wassalam.